Kaduna Bayan Rabuwa: Aikin da Ke Gaban Masu Wasan Kwaikwayo

Assalamu alaikum. Iyayena da ke gaba, malamai, 'yan'uwa matasa, barkanmu da yamma.

Duk wanda ya san Kaduna kafin rikicin Fabrairun 2000 ya san garin ya sauya. Bayan wannan fitina, da ta Nuwamban 2002, mutane suka riƙa sayar da gidaje, wasu ma musaya suka yi. Musulmi suka tattara arewacin kogi, irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Kirista suka yi kudu, Sabon Tasha, Television, Narayi. Yaron da aka haifa a lokacin yau magidanci ne, kuma mai yiwuwa bai taɓa cin tuwo a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

To ina ƙungiyoyin fasaha suka shigo? Tun 2017 aka fara bikin littattafai da fasaha na Kaduna, kuma na yaba masa. Sai dai biki na 'yan kwanaki ne, masu halarta kuma galibi 'yan boko ne da dama can sun san juna.

Ni abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne gwaji, ba ranar nuna wasa ba. Ku duba yadda sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana yi a Samaru. Ɗalibai kan shiga unguwa su zauna da mata da masu shago, su ji damuwarsu, ko ruwan sha ne ko kwata. Da wannan ake ƙulla wasa, a yi shi a fili, a tsaya a tambayi 'yan kallo: ku da kuna wurin, yaya za ku yi? Nan za ka ga dattijo ya miƙe yana gardama da ɗan wasa kamar da gaske.

A wajen gwaji kuwa, dole mai kalangu ya jira mai jita su daidaita. Lokacin salla ya yi, a dakata. Ranar Lahadi a ɗaga zuwa yamma don masu zuwa coci. Idan ɗaya bai zo ba, a buga masa waya a ji ko lafiya. Wata uku a haka, an san sunan mahaifiyar juna, an je suna, an je ta'aziyya.

Don haka roƙona ga shugabannin ƙungiyoyi da ke zauren nan: kada ku kafe wurin gwaji a unguwa ɗaya. Wannan mako a makarantar firamare a Tudun Wada, mako mai zuwa a Sabon Tasha. Ku fara gaida mai unguwa, ku nemi izinin iyayen 'yan mata, a tashi kafin magariba. Masu hannu da shuni kuma, kafin ku saya mana lasifika, ku ɗauki nauyin kuɗin motar yaran nan, domin shi ne yake hana da yawansu tsallaka gada.