Daga Antigwa zuwa gaban dutsen Fuwego

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Yau ina Antigwa, a ƙasar Gwatemala, maƙwabciyar Meziko ta kudu. Ku yi haƙuri in hoton yana rawa, titunan garin nan duk jeren duwatsu ne, tun ɗazu nake tuntuɓe.

Bari in juya kyamara. Kun ga dutsen can da ya tokare ƙarshen titi, kansa cikin gajimare? Sunansa Agwa, wato ruwa da Sifaniyanci. Jiya na tambayi dattijuwar da nake kwana a gidanta, na ce Donya, dutse mai aman wuta kuma a ce masa ruwa? Ta ce ai da ruwan ya yi ɓarna. A 1541 laka da ruwa suka gangaro daga kansa cikin dare, suka binne hedikwatar da Sifaniyawa suka kafa a gindinsa. Waɗanda suka tsira suka matso nan a 1543. Daga garin nan aka riƙa mulkin yawancin Amurka ta Tsakiya shekara fiye da ɗari biyu, sai girgizar ƙasa ta 1773 ta rusa garin. Hukuma ta kwashe ta koma inda Birnin Gwatemala yake yanzu, ta ce kowa ya tashi. Wasu suka yi kunnen uwar shegu, suka zauna cikin kufai. Sunan Antigwa ma ma'anarsa "tsohuwa".

Ga babban cocin nan. Ta gaba fari tas, kamar ba abin da ya taɓa shi. Ku biyo ni ta baya. Kun gani? Ba rufi, sama kawai, ginshiƙai a kwance kowanne ya fi faɗin mota, tattabaru sun mai da wurin gidansu. Shi ya sa in kun lura gidajen garin gajeru ne, bango mai kauri, bene da wuya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wannan baka mai launin ɗorawa da ta haye titi ita ce Santa Katalina, wadda kowa ke zuwa ɗaukar hoto. An gina ta ne don matan coci masu zaman kulle su tsallaka daga wannan gini zuwa wancan ba tare da namiji ya gan su ba. Da aka gaya min na yi dariya, na ce ashe kulle ba a gidanmu kaɗai ya tsaya ba.

Batun abinci, ga mai niyyar zuwa: masara da baƙin wake ne safe da dare. Matan Maya, 'yan asalin ƙasar, na tafa ƙullun masara a tafin hannu, su gasa a kan faranti mai faɗi, ana ce masa totiya. Amma kafin ka ci waken ka tambaya, don wasu da man alade suke soya shi. "Manteka" ita ce kalmar, ita na fara haddacewa.

To jama'a, yanzu mun baro gari. Nan ƙauyen La Soledad ne, daga nan ake fara hawan dutsen Akatenango, mai tsayin mita 3,976. Ba shi ne ke aman wuta ba a yanzu, ɗan'uwansa Fuwego ne, suna manne da juna. Kan wannan ake hawa a kalli wancan. Na yi hayar sanda da wata jibgegiyar riga. Da farko na so in ƙi rigar, wai ni na san hunturun Jos.

Kai! Sa'a ɗaya kenan, kuma har yanzu cikin gonakin masara muke. Ƙasar baƙa ce, tokar dutse, ka taka uku ka zame ɗaya. Wani yaro na biye da ni da doki yana cewa "taksi, taksi", ya riga ya karance ni. Jagoranmu kuwa, ɗan ƙabilar Kakchikel, ba ya ko haki. Abin da yake ta faɗa min shi ne "poko a poko". Na ce masa mu ma muna da ita, sannu-sannu ba ta hana zuwa. Bai ji ba, amma ya gyaɗa kai.

Ba zan ɓoye muku ba, tsakanin nan da sansani ban ɗauki hoton komai ba. Sa'a shida ina neman numfashi.

Ga mu a sansani, rana ta faɗi. Gajimare duk yana ƙarƙashinmu. Na yi alwala, ruwan kamar allura, yatsuna har yanzu ba nawa ba ne. Alƙibla daga nan arewa maso gabas take, sai da waya ta nuna min na yarda. Ina cikin sallar magariba ƙasa ta yi wani gurnani a ƙarƙashin goshina. Allah Ya karɓa dai, amma ban san surar da na karanta ba.

Ku yi shiru, ku jira. Fuwego yakan yi aman wuta kamar duk bayan minti goma sha biyar ko ashirin.

Innalillahi! Kun gani? Kun ga jan garwashin ya tashi sama? Waɗancan da ke gangarowa kamar tartsatsi duwatsu ne, wasu sun kai girman ɗaki. Ku saurara, sai yanzu ƙarar ke isowa, don haske ya riga ta. A ƙirji nake jin ta.

Da muke zaune bakin wuta jagoran ya nuna min wani wuri can ƙasa a gefen Fuwego, inda ba fitila ko ɗaya. A ranar 3 ga Yuni 2018 zazzafar toka da iskar gas suka sauko da gudun da ba mai tsere masa, suka rufe ƙauyen San Migel Los Lotes, mutane da yawa har yau ba a ga gawarsu ba. Na ce masa, ɗan'uwa, me ya hana ku tashi? Ya ɗebi baƙar ƙasar a hannu ya nuna min. Ita ke ba su masara, ita ke ba da kofin Antigwa da ake kai wa Turai, kuma dutsen ne ke kawo irinmu mu biya shi ya hau da mu. Ya ce jibi ma zai sake hawowa.

Batirin kyamarar nan sanyi ya cinye shi, saura kashi huɗu. An ce ƙarfe huɗu na asuba za a tashe mu mu ƙarasa ƙololuwa kafin fitowar rana. Rigar hayar nan da ita zan kwana, har da takalmi. Ga shi ya sake, bari in riƙe muku kyamarar har ta mutu.