Malamin Tashe Mai Rawa: Abin da Ake Yankewa a Bidiyo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da shan ruwa.

Da azumi ya kai goma, sai irin wannan bidiyo ya fara zagaya wayoyi. Ga shi nan. Yaro ne ƙarami, an naɗa masa rawani, an manna masa gemun auduga, allo a hammata, carbi a wuya, yana ta tiƙar rawa a ƙofar shago. Masu kallo kuma sun rabu biyu. Wasu dariya har da ƙwalla, wasu na cewa an ci mutuncin malamai, a hana. Masu cewa a hana ba mugaye ba ne, kishin addini ne ya motsa su. Sai dai rabin wasa aka nuna musu.

[Yara a lungu da dare, ana kaɗa gwangwani]

Wannan tashe ne. Ana fara shi daga goma ga watan Ramalana, da dare, bayan an sha ruwa an yi asham. Yara maza rukuninsu daban, 'yan mata nasu daban. 'Yan mata su shiga cikin gidaje wurin matan aure, samari su tsaya ƙofar gida, zaure, bakin kasuwa. Kayan kiɗa kuwa duk abin da hannu ya samu: gwangwanin madara, tsohuwar ƙwarya, murfin tukunya, tafi. Kayan ado ma haka, auduga, tsumma, toka da gawayi. A yi wasa, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi, su yi gaba. Wannan kowa ya sani, mu wuce.

Yanzu ku saurara da kyau, a nan maganar take.

[Wasan daga farkonsa, da sauti]

Kun ga yadda ya shigo? Ba da rawa ya shigo ba. A natse ya shigo, kai a sunkuye, yana jan carbi, yana gyaran murya irin ta manya. Ya nemi wuri ya tsaya. Sai 'yan amshi su tuhume shi cikin waƙa, su ce malam ka yi rawa. Shi kuma ya ɗaga kai cikin ɓacin rai ya ce bai yi ba.

Ku lura, a yawancin waƙoƙinmu jagora ne ke bayarwa, 'yan amshi su mara masa baya. A nan an juya abin. 'Yan amshi ne masu ƙara, jagora shi ne wanda ake tuhuma, mu 'yan kallo mu ne shaidu. Shari'a ce ake yi da kiɗa.

To ku bar kallon bakinsa, ku kalli kafaɗarsa. Kun gani? Ta motsa. Baki na musu, kafaɗa ta amsa kiɗa. Mu sake mayar da shi baya a hankali. Ga kafaɗa. Sai gemu ya fara lilo. Sai ƙafar hagu ta saci taku ɗaya, ya yi maza ya janye ta, ya waiwaya ko an gani. Masu gwangwani su ƙara wuta. Har yanzu yana rantsuwa bai yi ba, alhali rawani ya karkace, allo na neman faɗuwa. Sai can a ƙarshe, da abin ya fi ƙarfinsa, ya saki jiki gaba ɗaya.

Wannan sakin jiki na ƙarshe, shi kaɗai ake yankowa a sa a TikTok, don shi ne mai jan ido. An zubar da musun, an zubar da natsuwar farko. In ka cire su, abin da ya rage yaro ne da rawani yana tsalle, kuma dole mai kallo ya ɗauka izgili ne. In ka bar su, za ka ga wanda ake yi wa dariya: mutumin da bakinsa ke faɗin abu ɗaya, jikinsa na aikata wani. An zaɓi shigar malam ne don shi ne mutum na ƙarshe da za a zaci zai taka rawa. Da a ce shigar makaɗi yaron ya yi, wa zai yi dariya? Kuma yawancin yaran nan 'yan makarantar allo ne ko Islamiyya, gobe da safe gaban malam za su gurfana. Sun san tafiyarsa, sun san gyaran muryarsa, shi ya sa kwaikwayon ke fita.

A ganina, a nan ake gane gwanin tashe. Yaron da ya iya riƙe dariyarsa, ya ja musun ya yi tsawo har jama'a su ƙosa, wannan ya cancanci kyauta mai tsoka. Wanda ya faɗo da rawa tun daga ƙofa bai koyi wasan ba tukuna.

[Gajerun hotuna: tsoho mai sanda, mai magani da jakarsa]

Tashe kuma bai bar kowa ba. Ga tsoho mai gemu ana tallabe shi. Ga mai magani yana jero sunayen itatuwa da saiwoyi. A Kano har sarauta aka yi wa abin: Nalako, sarkin gwagware, wanda ke fita da jama'arsa ana kamo marasa mata ana yi musu waƙa. Babba da gemunsa a ɗaura masa igiya, ya bi ayari yana murmushi, don ya san wasa ne.

Akwai iyaka, kuma ina tare da masu tsawatarwa a kanta. In aka ɗauki sunan wani malami takamaimai, aka kwaikwayi muryarsa don a wulaƙanta shi, an fita daga tashe. Haka 'yan daba da ke fakewa da taron suna ƙwacen waya, abin da ya sa 'yan sanda a Kano suka sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan. Abin yana min ciwo, don laifin ƙarti ne ya faɗa kan yara masu gwangwani. Da masu unguwanni za su sa manya biyu su raka kowane rukuni, a tsaya cikin unguwa, a tashi da wuri, da an raba gardama.

Bidiyo na gaba na tashen 'yan mata ne, wanda ake yi a tsakar gida, inda kyamara ba ta cika shiga ba. Mun nemi izinin masu gida kafin mu ɗauka. A sha ruwa lafiya.