Daga kantin littattafan karnuka zuwa filin tumaki a Wales

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina Hay-on-Wye, wani ɗan gari a Wales dab da iyakar Ingila, wanda duk Birtaniya ta san shi da tsofaffin littattafai. Wani mutum mai suna Richard Booth ne ya fara buɗe kanti a nan a farkon shekarun 1960, kuma tun 1988 ake bikin littattafai a garin duk shekara.

Ku biyo ni cikin wannan kantin littattafai ku ga wannan kanta. Daga sama har ƙasa maganar kare ce zalla. Na hagun nan na barkwanci ne: ga zanen kare ya miƙe a kan kujerar falo, maigida na tsaye riƙe da kofin shayi ya rasa wurin zama. Wasu an rubuta su ne kamar karen ke ba da labarin iyayen gidansa. Irinsu ake saya a yi kyauta lokacin Kirsimeti. Suna da daɗin karatu, kuma mai son sanin matsayin kare a gidan Bature zai fahimci abu da yawa daga cikinsu.

Amma ni na dama ne suka riƙe ni, na karnukan aiki. Ku dubi wannan, bangonsa ya koɗe, takardar ta yi ruwan ƙasa. Na horar da karen kiwo ne. Mai shi na farko ya bi gefen shafuka da fensir, yana zana yadda sautin fito ke hawa da sauka: wannan na zagaya ta dama, wannan ta hagu, wannan na kwanta. Da gani, ba don ado aka ajiye shi ba. Shi na saya.

A irin waɗannan littattafai na karanta tarihin abin. A 1873 aka yi gasar karnukan kiwo a garin Bala, nan Wales, wadda ake lissafa ta a matsayin ta farko a Birtaniya. A 1906 aka kafa ISDS, wato ƙungiyar karnukan kiwo ta ƙasa da ƙasa, a Scotland, ita ke riƙe da rajistar karnukan har yau. Nau'in da ke wannan aiki shi ne Boda Koli, kuma tushensa ana mayar da shi ga wani kare, Old Hemp, da aka haifa a 1893 a hannun Adam Telfer a Northumberland da ke arewacin Ingila. Abin da ya fita daban da shi, ba ya haushi, ba ya hayaniya. Ido kawai yake kafa wa tumaki su bi.

To ga mu a fili yanzu, ku yi haƙuri da ƙarar iska. Ƙaramar gasa ce ta manoman yankin. Dattijon can mai sanda mai ƙugiya, dole ya tsaya jikin wancan turken, karyarsa ce za ta yi tafiyar. A gasar ƙasa tumaki biyar ake sakewa, nisan yadi 400, a ba ka minti 15. Ku lura karyar ba ta nufi tumakin kai tsaye ba. Ta buɗe can gefe, ta yi zagaye mai faɗi har ta ɓullo ta bayansu, don kada su firgita su watse. Yanzu ta lafe a ciyawa. Nan ne wurin da na fi so. Kai a ƙasa, kafaɗu a sunkuye, tana ɗaga ƙafa ɗaya a hankali tana ajiyewa. Tumakin sun juyo sun dube ta, sun kama hanya da kansu. Da ban karanta ba, da sai in ce lalaci take yi, alhali a wannan ɗan lokacin ne tumakin ke auna ta, su ga ko za su bi ko za su raina ta.

Alƙali yana cikin motar can. Da cikakken maki ake farawa, shi kuma ya riƙa zaftarewa: layin da tumaki ke bi ya karkace, a rage, sun kuskure ƙofar da ya kamata su bi ta ciki, a rage. Idan kare ya ciji tunkiya ba dalili, an fita ke nan. Saboda haka ƙwararren kare ke tsada. A 2021 an sayar da wata karya mai suna Kim fam 27,100 a nan Wales, kuma manomi mai tumaki a kan duwatsu ba zai ce an yi ɓarna ba.

Na san wani zai ce, Malam, kai da kare kuma? Ai addininmu ya yi maganar karen farauta da na kiwo da na gadin gona, kuma Suratul Ma'ida aya ta 4 ta ambaci dabbar farauta da aka horar. Mafarautanmu ma sun san yadda ake zaɓen ɗan kwikwiyo, da yadda ake saba masa da daji da kiran ƙaho. Ilimin nan yana bakin dattawa, kuma wallahi ina kwaɗayin ranar da zan riƙe shi a rubuce da Hausa, kamar yadda na riƙe na makiyayan nan.

Af, ku duba, an zo ɗan shingen ƙarshe. Dattijo ya riƙe igiyar ƙofa, huɗu sun shiga, ɗaya ta toge tana buga ƙafa a ƙasa. Karyar ba ta yi gaggawa ba, taku ɗaya ta ƙara. Ta shiga! Ya rufe ƙofa, jama'a na tafi, ita kuma ta ruga ta faɗa bahon ruwan da aka ajiye musu don su huce. Bari in matsa in gaisa da dattijon, in tambaye shi ko fiton da ke littafin nan ya yi daidai da nasa. Sai mun haɗu, a gaida gida.