Yadda Faɗa-wuta Ya Koma Baƙi a Manchester

Masu kallo, ku dubi bawon bishiyar nan da kyau. Akwai ƙwaro a kwance a kansa. Idan ba ku gan shi ba tukuna, ku sake dubawa daga gefen hagu. Ga shi can, fari mai ɗigo-ɗigon baƙi, kamar an barbaɗa masa masoro. Faɗa-wuta ne, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi, irin wanda ke kewaya fitila da dare. Wannan na ƙasar Ingila ne, masana na kiransa Biston betularia, faɗin fikafikansa bai wuce santimita biyar zuwa shida ba. Da dare yake yawo, da rana ya lafe a jikin bishiya. Ba shi da dafi, ba shi da ƙaya, sajewa da bishiya ce kaɗai garkuwarsa.

A shekarar 1848, a birnin Manchester, wani mai tara ƙwari da ake kira Edleston ya kama guda ɗaya baƙi ƙirin. Abin mamaki ne a lokacin, domin ba a saba gani ba. Amma kafin 1895, cikin kowane ɗari da aka kama a garin, kusan 98 baƙaƙe ne. Ƙwaron nan sau ɗaya yake hayayyafa a shekara, wato a cikin zuriya ƙasa da hamsin fari ya kusa ɓacewa daga garin.

Manchester ta wancan zamani garin masaƙu ce, injinan sarrafa auduga na cin kwal dare da rana. Duk wanda ya san ɗakin girkin da ake hura itace a cikinsa ya san kunkunniya, yadda take maida rufi baƙi. To haka hayaƙin masana'antu ya yi wa gari guda da dazuzzukan da ke kewaye. Iskar kuma ta gurɓace har ta kashe gansakukar nan mai launin toka da ke lulluɓe bawon bishiyoyi. Bishiya ta zama baƙa, farin ƙwaro ya fito fili kamar farar tufa a kan gawayi.

A nan mutane da yawa ke kuskure, kuma wannan ne dalilin da ya sa muka haɗa bidiyon. Hayaƙi bai rina ƙwaron ba. Babu farin faɗa-wuta ko ɗaya da ya wayi gari ya zama baƙi. Baƙi da baƙinsa yake fitowa, gado ne daga iyaye, kuma gadon baƙin yana rinjayar na fari: ko daga ɓangare ɗaya ya samo shi, baƙi zai fito. Abin da ya canja shi ne wanda ke tsira har ya yi ƙwai. Tsuntsu ya zo da safe yana neman abinci, wanda idonsa ya fara gani shi zai tsinta. A dajin da ya yi baƙi, farare ne ke shiga cikin tsuntsu, baƙaƙe su kwana su hayayyafa. Baɗi a sake, baɗin baɗaɗa a sake.

Wani masanin ƙwari, James Tutt, ya faɗi haka tun 1896. A 1924 wani masanin kimiyyar gado, Haldane, ya zauna ya yi lissafi, ya nuna cewa kafin sauyi ya yi irin wannan sauri, sai dai idan baƙin yana barin zuriya kusan uku a duk inda farin ya bar biyu. Amma mutane da dama ba su gamsu ba. Wasu ma cewa suka yi tsuntsaye ba sa cin faɗa-wuta a jikin bishiya.

Sai Bernard Kettlewell, likita ne da ya koma nazarin ƙwari a jami'ar Oxford. A 1953 ya ɗauki ɗaruruwan ƙwarin, ya ɗiga wa kowanne fenti a ƙarƙashin fiffike, ya sake su a wani daji mai hayaƙi kusa da Birmingham. Da dare ya kafa tarkon fitila. Baƙaƙen da suka dawo, gwargwadon yawan da ya saki, sun ninka farare. A 1955 ya tafi Dorset, inda iska ke da tsabta, sai abin ya juye: farare ne suka fi tsira. Abokin aikinsa Niko Tinbergen ya ɗauki hoton bidiyon tsuntsaye suna tsintar ƙwarin ɗaya bayan ɗaya.

Aikin Kettlewell yana da rauni, kuma daidai ne a faɗa. Da rana ya saki ƙwarin, ya tara su da yawa a wuri ɗaya, ya ɗora su a gangar bishiya alhali da yawansu a ƙarƙashin rassa suke kwana. Wasu hotunan da suka shiga littattafan makaranta ma matattun ƙwari ne aka manna don a nuna bambancin launi. Daga nan wasu suka ce labarin duka ƙarya ne.

Wanda ya fi burge ni a tarihin nan shi ne Michael Majerus na jami'ar Cambridge. Shi kansa yana cikin masu sukar tsarin Kettlewell, amma bai tsaya ga suka ba. Daga 2001 zuwa 2007 ya sake gwajin a lambun gidansa, ya gyara kurakuran ɗaya bayan ɗaya. Yakan bar kowane ƙwaro ya zaɓi wurin kwanansa da dare, da asuba ya zauna yana lura da wanda tsuntsu ya ɗauka. Ƙwari 4,864 ya saki. Ya ma gwada jemagu, ya tarar ba ruwansu da launi, fari da baƙi duka ci suke. Tsuntsaye kuwa, a bishiyoyi masu tsabta, baƙaƙe suka fi ɗauka. Majerus ya rasu a 2009 bai ga an buga sakamakon ba, abokan aikinsa ne suka fitar da shi a 2012.

A lokacin kuwa baƙin ya riga ya fara ja da baya. Bayan hazon hayaƙin da ya rufe Landan a watan Disamba na 1952, ya kashe mutane aƙalla 4,000, an kafa dokar tsabtace iska a 1956. Bishiyoyi suka washe, farare suka dawo. Yau baƙin ya yi wuyar gani a yawancin Ingila.

Daga ina baƙin ya fito tun asali? A 2016 masu bincike a jami'ar Liverpool suka gano wurin. Wani guntun ƙwayar gado, mai tsawon haruffan gado kusan 22,000, ya yi tsalle ya shige cikin wani sashe na gadon ƙwaron da ake kira cortex, wanda ke da hannu wajen ginin fiffike. Lissafinsu ya nuna abin ya faru ne wajen 1819, kusan shekaru 30 kafin Edleston ya kama nasa. Duk tsawon lokacin nan baƙin yana nan, amma ƙalilan ne.

Yanzu ku dubi wannan reshen. Ɗaya daga cikin tsinkayen nan tsutsa ce, ƙuruciyar ƙwaron da muke magana a kai. Daga ƙwai take fitowa, ta ci ganye har ƙarshen bazarar Turai, sannan ta sauka ta shige ƙasa, ta yi sanyin hunturu a cikin kwanso, ta fito da fikafikai daga wajen watan Mayu. Ita kam tana sauya launi da kanta, kamar hawainiya, sai dai a hankali: a koren reshe ta zama kore, a busasshe ta koma ƙasa-ƙasa. A 2019 masu bincike suka shafa wa wasu tsutsotsin baƙin fenti a ido don kada su gani, suka ɗora su a kan sanduna masu launi daban-daban. Duk da haka suka saje da sandunan, domin fatar jikinsu ma tana jin haske.