Tulin Takardu Kafin Ɗigon Mai: Yadda Ake Hayar Filin Gwamnati a Amurka

Ranar 19 ga Disamba 2008, a birnin Salt Lake City na jihar Utah a Amurka, wani ɗalibin jami'a mai suna Tim DeChristopher ya shiga ɗakin da gwamnati ke gwanjon filayen haƙar mai. Zanga-zanga ce ta kawo shi wurin, ba ciniki ba. A bakin ƙofa aka tambaye shi ko tayi ya zo yi, ya ce i. Aka miƙa masa fom ya sa hannu, aka ba shi ɗan allon tayi mai lamba 70. Kafin a ankara ya lashe filaye 14, kimanin eka 22,500, a kan kusan dala miliyan 1.8, alhali ba shi da kuɗin, ba shi kuma da niyyar biya. A 2011 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyu. Laifi biyu aka same shi da su, ɓata gwanjon da kuma yin ƙarya a takardar gwamnati. Wato wancan ɗan fom na bakin ƙofa, wanda ya sa wa hannu cikin minti guda, shi ne rabin abin da ya kai shi gidan yari.

Masu kallo, yau takardu za mu bi. Za mu ga abin da kamfani ke cikewa kafin ya taɓa mai, ko iskar gas, ko tururin da ke ƙarƙashin filin gwamnatin tarayyar Amurka, da kuma dalilin da ya sa aka ƙirƙiro kowace takarda.

Da farko, filin wa? A Najeriya tsarin mulki ya gama magana, duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. A Amurka ba haka ba ne. Mutum na iya mallakar gona har da man da ke ƙasanta. Amma gwamnatin tarayya ita ma babbar mai fili ce, musamman a jihohin yamma irin su Wyoming da Nevada da Utah da New Mexico. Hukumar da ke riƙe mata da yawancinsu ita ce wadda suke kira BLM, aka kafa ta a 1946 ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida. Tana kula da fili kimanin eka miliyan 245, da ma'adinan ƙarƙashin ƙasa na kimanin eka miliyan 700. In za ku kwatanta, eka biyu da rabi ne ke yin hekta ɗaya.

Dokar da ta kafa tsarin haya ta fito a 1920. Kafin nan, wanda ya riga kafa turke a filin mai na gwamnati yana iya mayar da shi nasa. Dokar ta ce a'a, fili na jama'a ne, sai dai haya, kuma gwamnati na da kaso a duk gangar da ta fito. Ba a jima ba kuwa aka ga abin da ake gudu. A 1922 ministan cikin gida Albert Fall ya ba wasu attajirai biyu, Harry Sinclair da Edward Doheny, hayar filayen man da aka keɓe wa sojojin ruwa a Teapot Dome na Wyoming da Elk Hills na Kalifoniya, a ɓoye, ba gwanjo ba sanarwa. Daga baya ta bayyana cewa Doheny ya aika masa da dala 100,000 tsaba a cikin jaka, wai rance. A 1929 aka samu Fall da laifin cin hanci, ya zama minista na farko a tarihin ƙasar da aka ɗaure kan abin da ya aikata a ofis. Abin dariyar, shi Doheny da ya ba da kuɗin, kotu ta wanke shi. To duk lokacin da kuka ji kamfanonin mai na kukan yawan takardu, ku tuna da wannan jakar.

Yanzu ga yadda ake yi. Kamfani ba ya zuwa ya ce a ba shi fili kai tsaye. Yana rubuta takardar nuna sha'awa ne, ya bayyana filin da yake so a fitar gwanjo, da lambobin awonsa. Hukuma ta duba tsarin amfani da ƙasa na yankin, ta ga ko an yarda a yi haƙa a wurin tun asali. Sannan ta yi binciken illar muhalli, wanda dokar da aka sa wa hannu ranar 1 ga Janairu 1970 ta wajabta. A tuntuɓi ƙabilun asalin ƙasar idan akwai kaburbura ko wuraren ibadarsu. A buga sanarwa, a ba jama'a lokaci su kawo ƙorafi a rubuce. Sai gwanjo, wanda tun 2016 aka fara yinsa ta intanet.

Wanda ya ci gwanjo ma sai ya cika sharuɗɗa. Dole ya zama ɗan ƙasa ko kamfanin da aka yi wa rajista a Amurka. Baƙo na iya sayen hannun jari a irin wannan kamfani, muddin ƙasarsa na ba Amurkawa irin wannan dama. Fili ɗaya na gwanjo ba ya wuce eka 2,560 in ba a Alaska ba, kuma mutum ɗaya ba zai tara fiye da eka 246,080 a jiha guda ba, don kada wani ya haɗiye jiha sukutum. Sa hannunka a fom shaida ce cewa ka cika duk waɗannan. Wa'adin hayar shekara goma ne, in rijiya ta fara ba da mai sai ta ci gaba har ranar da ta ƙafe.

Amma fa takardar haya ba izinin haƙa ba ce, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Kowace rijiya, ɗaya bayan ɗaya, sai an nema mata izininta daban, a fom mai lamba 3160-3. Fom ɗin kansa gajere ne, abin da ake liƙa masa ne ke da nauyi. Akwai taswirar ɗan safiyo mai nuna daidai inda za a huda. Akwai tsarin haƙa, zurfin nawa, wane irin bututu za a zura, siminti nawa za a zuba a kewayensa don kada mai ya haɗu da ruwan shan da ke sama, wace na'ura za ta toshe rijiyar in ta yi ƙoƙarin ballewa. Akwai tsarin amfani da saman fili, ta ina hanya za ta bi, daga ina za a ɗebo ruwa, ina za a zuba dagwalon, yaya za a mayar da ƙasar yadda take in an gama. Jami'ai kan je wurin da ƙafarsu su taka su gani. Kuɗin duba wannan takarda kaɗai ya haura dala dubu goma, ko an amince ko an ƙi.

Akwai wani tsuntsu a dajin Wyoming mai kama da zabo, wanda mazansa ke taruwa da asuba tsakanin Maris da Mayu suna kumbura ƙirji suna rawa don jan hankalin mata, a wuri guda kowace shekara. Ƙarar inji na korarsu. Saboda wannan rawa, takardar haya na iya ɗauke da sharaɗin cewa ba a aiki a wasu watanni, ko ma ba a kafa komai a saman filin, sai dai a huda daga nesa a karkato ta ƙarƙashi. Kamfani mai biliyoyi ya tsaya jiran tsuntsu ya gama neman aure.

Sai kuma mai gandun shanu da kakansa ya samu fili a ƙarƙashin dokar 1916, wadda ta ba makiyaya eka 640 amma ta riƙe wa gwamnati ma'adinan ƙasa. Saman nasa ne, ƙasan ba nasa ba. Wata rana sai ga wasiƙa, an ba wani kamfani hayar abin da ke ƙarƙashin makiyayarsa. Ba shi da ikon hanawa. Abin da takarda ta tanadar masa shi ne dole kamfanin ya nuna ya neme shi sun yi ƙoƙarin daidaitawa, in ba su daidaita ba ya ajiye kuɗin diyyar ɓarna.

Tururin ƙarƙashin ƙasa kuwa dokarsa daban ce, ta 1970. Ana haƙa rijiya ne a kai ga ruwan zafi ko tururi, a juya injin lantarki da shi, kamar yadda ake yi a The Geysers da ke arewacin San Francisco da wurare da dama a Nevada. Ba hayaƙi sosai, amma takardunsa sun fi na mai matakai, izinin gwaji daban, na haƙa daban, na gina tashar lantarki daban, na fara sayar da wuta daban. A 2005 majalisa ta sassauta wa wasu rijiyoyin mai da gas binciken muhalli, ta bar na tururi a baya. A ganina wannan bai yi tsari ba.

Mu zo kan kuɗi. Kason gwamnati ya tsaya a kashi 12.5 cikin ɗari tun daga 1920 har 2022, lokacin da aka ɗaga shi zuwa 16.67, sannan a Yulin 2025 wata dokar ta mayar da shi inda yake. Kusan rabin abin da aka tara na komawa ga jihar da aka haƙa man. Amma takardar da na fi ba muhimmanci ita ce ta kuɗin jingina, wanda kamfani ke ajiyewa don in ya gudu ko ya karye, a samu abin toshe rijiyar. Fiye da shekara sittin mafi ƙarancinsa dala 10,000 ne a kan haya guda, ko rijiya nawa ke ciki, kuɗin da ba ya isa toshe ko da guda ɗaya mai zurfi. Ƙananan kamfanoni suka riƙa sayen tsofaffin rijiyoyi, su tatse ɗan abin da ya rage, su ce sun talauce, su bar wa jama'a rami mai fitar da gas. A 2021 majalisa ta ware dala biliyan 4.7 don toshe irin waɗannan marayun rijiyoyi a faɗin ƙasar. Sai a 2024 aka ɗaga jinginar zuwa dala 150,000.

Ku dubi kusurwar sama ta irin waɗannan fom na BLM. Akwai wata lamba da ranar ƙarewa. Ita ma hukumar sai ta nemi izini kafin ta tambaye ka. Dokar rage yawan takardu, wadda Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1980 aka sabunta ta a 1995, ta ce duk ma'aikatar da za ta yi wa mutum goma ko fiye tambaya iri ɗaya sai ofishin kasafi na fadar shugaban ƙasa ya amince, kuma amincewar ba ta wuce shekara uku. In lokaci ya yi, BLM ta buga sanarwa a gazet ɗin gwamnati, ta faɗi mutum nawa take sa ran za su cike fom ɗin da awa nawa zai ci wa kowannensu, ta ba jama'a kwana 60 su ce ko tambayar na da amfani, sannan wasu kwana 30. Idan fom ya zo maka ba wannan lamba mai aiki a kansa, doka ta ce ba za a hukunta ka ba don ka ƙi cike shi.