Hunturun Masoya Besbol: Abin da Suke Yi Idan An Rufe Fili

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da sauran jama'ar da suka taru, barkanku da yamma.

Zan yi magana ne a kan wani wasa da ba mu yi a nan, wato besbol, wasan Amurkawa na jifa da bugun ƙwallo da sanda. Ba dokokinsa zan koyar ba. Ina so mu duba watannin da ba a buga shi, da abin da masoyansa suke yi da kansu a lokacin, domin ni a ganina a can ne aka yi wasu daga cikin manyan ayyukan da suka shafi wasan.

Ku fara riƙe wannan lissafi. Babbar gasar Amurka, MLB, tana da ƙungiyoyi 30, kuma kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka guda, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Kusan kullum ke nan akwai wasa. Mutum ya dawo daga aiki ya kunna rediyo, ƙungiyarsa na fili. Gobe ma haka, jibi ma haka, wata shida cur. Sai a shiga wasannin fitar da gwani a Oktoba, a ɗaga kofin World Series, shi ke nan a rufe ƙofa. Dusar ƙanƙara ta rufe filayen Boston da Chicago da Detroit. Ba za a sake ganin 'yan wasa ba sai tsakiyar Fabrairu, lokacin da suke haɗuwa domin atisaye a jihohin Florida da Arizona masu ɗumi. To mutumin da ya saba da abu kullum ta Allah, aka ɗauke masa shi na wata uku da rabi, ina zai sa kansa?

Abu na farko da yake yi shi ne surutu, kuma al'adar ta daɗe. A da can, a ƙananan garuruwan Amurka, maza kan taru a kantin unguwa su kewaye murhun da ake ɗumama ɗaki da shi, ana jin ɗumi ana gardama: wa za a sayar, wa za a saya, wane koci ya kamata a kora. Har yau Amurkawa da sunan wannan murhu suke kiran hirar hunturu, duk da cewa hirar ta koma waya. Ku da kuke bin ƙwallon Turai kun san yadda majalisa take kaurewa idan aka buɗe kasuwar 'yan wasa. To haka abin yake, sai dai nasu ya fi tsawo, kuma ba wani wasan gasarsu da ke gudana da zai raba musu hankali.

Bari in ba ku misalin inda abin ya kai. A Disambar 2023, Shohei Ohtani, ɗan Japan ɗin nan da ya iya jifa kuma ya iya bugu, kwantiraginsa ya ƙare, duniya na jiran ta ji inda zai nufa. Wata ranar Juma'a sai jita-jita ta ɓarke cewa ya hau jirgi daga Kalifoniya zuwa Toronto don ya sa hannu da ƙungiyar Blue Jays. Dubban mutane suka zauna gaban waya suna bin tafiyar wani ƙaramin jirgi a taswirar intanet, awa bayan awa. Jirgi ya sauka, aka buɗe ƙofa, sai ga wani ɗan kasuwar Kanada da iyalinsa. Ohtani yana gidansa. Washegari ya sanar da kansa cewa Los Angeles Dodgers ya zaɓa, shekara 10 a kan dala miliyan 700, kuma ya yarda a jinkirta biyansa miliyan 680 daga ciki sai bayan kwantiragin ya ƙare. Shekara guda bayan nan Juan Soto ya karɓi miliyan 765 daga New York Mets na shekara 15.

Akwai masu raina wannan hira, su ce ɓata lokaci ce. Ni ban raina ta ba, saboda na san yadda aka yi har ta samu. Shekaru kusan ɗari ɗan wasa ba shi da ta cewa a kan inda zai yi wasa. Akwai wata sharaɗa a kowane kwantiragi da ta ɗaure shi ga ƙungiyarsa muddin tana son sa. Idan ta ga dama ta sayar da shi, kamar yadda Boston ta sayar wa New York Yankees da shahararren ɗan wasa Babe Ruth a Disambar 1919. Idan ya ƙi tafiya, sai dai ya bar wasan ya nemi wata sana'a.

Sai aka yi wani baƙar fata mai suna Curt Flood, gwanin ɗan wasan St. Louis Cardinals. A ƙarshen kakar 1969 aka ce masa an miƙa shi ga Philadelphia. Ya ce ba ya zuwa. Ranar 24 ga Disamba ya rubuta wa shugaban gasar, Bowie Kuhn, wasiƙa yana cewa bayan shekara 12 yana wasa, shi bai ɗauki kansa a matsayin kaya da za a saya a sayar ba tare da an tambaye shi ba. Mutumin nan yana karɓar dala 90,000 a shekara, kuɗi mai kauri a wancan zamani, ya ajiye su ya tafi kotu. Shari'a ta kai Kotun Ƙoli, kuma a 1972 ya faɗi, alƙalai biyar suka ƙi shi, uku suka goya masa baya. Wasansa ya mutu ke nan. Amma ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Marvin Miller ba ta saki maganar ba, har a Disambar 1975 wani mai sasanci, Peter Seitz, ya yanke cewa 'yan wasa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, sun kuɓuta daga wannan ɗauri. Daga nan kasuwar ta buɗe. Saboda haka duk wanda ya kwana yana bin jirgin Ohtani, ya sani cewa 'yancin da Ohtani ya samu na zaɓar gari, wani ne ya biya shi da abincinsa. Flood ya rasu a 1997 bai ci komai daga miliyoyin da suka biyo baya ba.

Yanzu mu zo ga karatu, wanda shi ne ya fi jan raina. Besbol wasa ne da ake rubuta komai nasa. Kowane jifa, kowane bugu, akwai mai ajiye shi a takarda, kuma jaridu sun fi shekara ɗari suna buga waɗannan alƙaluma a ɗan akwati washegarin wasa. Wannan ya sa mai son wasan yana da abin tonawa idan fili ya rufe.

Akwai wani malamin tattalin arziki a Jami'ar New York, Lawrence Ritter. Da Ty Cobb, tsohon gwanin bugu, ya rasu a 1961, sai ya farga cewa tsofaffin da suka yi wasa a farkon ƙarni suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya zauna ya saurare su. Ya ɗauki rikoda ya shiga mota. Ya yi tafiyar mil kusan 75,000 yana neman su, wasu a gonaki, wasu a ƙananan garuruwa inda maƙwabta ma ba su san sun taɓa yin suna ba. Ya bar su suka yi magana da bakinsu, ya cire tambayoyinsa, ya fitar da littafin The Glory of Their Times a 1966. Ku ɗalibai masu sha'awar bincike, ku lura da wannan: bai jira wata hukuma ta ba shi kuɗi ko izini ba, kuma da ya yi jinkirin shekara goma da akasarin muryoyin nan sun tafi kabari da labarinsu.

Wani kuma mai gadi ne. Bill James yana gadin dare a wata masana'antar sa wake a gwangwani a garin Lawrence na jihar Kansas. Dare ya yi tsawo, sai ya riƙa zuwa da tsofaffin alƙaluman jarida yana ƙirgawa da hannu. Duk abin da masu sharhi suka saba faɗa kamar karatun sallah, shi sai ya ce bari mu ƙirga mu gani ko gaskiya ne. A 1977 ya buga ɗan littafinsa da kansa, ya sa talla a jaridar wasanni, ya sayar da kwafi kusan 75. Masu ƙungiyoyi suka yi shekaru suna masa kallon mahaukaci. Amma masu karatu irinsa suka yi ta ƙaruwa, kowane hunturu suna jiran fitowar sabon bugu, har tunaninsa ya shiga ofisoshin ƙungiyoyi. Boston Red Sox ta ɗauke shi aiki, kuma a 2004 ta ci kofin da ta yi shekara 86 tana nema. Ban ce shi kaɗai ya ci musu ba, 'yan wasa ne suka shiga fili. Amma yau babu ƙungiyar da ba ta da sashen masu lissafi, kuma tushen abin daga ɗakin mai gadi ne.

Sai fim. A nan suna ɗaya ne ya rinjayi saura, shirin tarihin da Ken Burns ya yi wa tashar PBS, mai kashi tara, sama da awa 18. Lokacin fitowarsa ma abin lura ne. An nuna shi a Satumbar 1994, daidai lokacin da 'yan wasa ke yajin aiki, shekarar da aka soke World Series karo na farko tun 1904. Mutane ba su da wasan kallo, sai suka zauna suka kalli tarihinsa. Har yanzu akwai gidajen da idan sanyi ya shigo ake sake ɗauko shi, ana kallon kashi ɗaya-ɗaya.

Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai a shirin nan wani dattijo ne, Buck O'Neil, yana da shekara tamanin da ɗoriya. Ya yi wasa kuma ya horar da Kansas City Monarchs a gasar baƙaƙen fata, a zamanin da aka hana baƙaƙen fata shiga babbar gasa, kafin Jackie Robinson ya karya shingen ranar 15 ga Afrilun 1947. Dattijon nan ya zauna gaban kyamara yana ba da labarin gwanayen gasarsu irin su Satchel Paige da Josh Gibson, yana dariya, babu ɗaci a bakinsa, amma kuma bai ɓoye zaluncin da aka yi musu ba. Miliyoyin Amurkawa a ranar suka fara jin cewa an yi wata gasa sukutum mai cike da gwanaye a gefen wadda suka sani.

Zan ratsa wasu abubuwa da sauri. A Janairu ake sanar da sakamakon zaɓen shiga Zauren Gwanaye da ke Cooperstown, inda sai ɗan wasa ya samu kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'un marubuta, kuma gardamar ko ya dace a shigar da irin su Barry Bonds da aka zarga da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta cinye hunturu da yawa. Sannan kada mu ɗauka duniya duka ta daina wasa. A Jamhuriyar Dominika da Venezuela da Puerto Rico da Meziko, hunturun Amurka shi ne lokacin gasarsu, kuma idan ƙungiyoyin Licey da Águilas suka haɗu a Dominika ba a jin kiran juna a filin.

In koma ga gasar baƙaƙen fata, domin a nan ne aikin masu karatu ya yi abin da nake ganin ya fi komai nauyi. Waɗannan ƙungiyoyi ba su da ofis mai ajiye alƙaluma yadda ya kamata, manyan jaridun farare kuma ba su damu da su ba. Aka daɗe ana cewa labarin Gibson almara ce, tunda babu takarda. Sai wasu mutane, akasarinsu ba wanda ya biya su, suka shiga ɗakunan karatu suna juya tsofaffin jaridun baƙaƙe irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender, suna tsinto sakamakon wasa ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru. Da abin ya taru, a Disambar 2020 hukumar MLB ta amince cewa gasanni bakwai na baƙaƙe, daga 1920 zuwa 1948, manyan gasanni ne daidai da nata. A Mayun 2024 aka haɗe alƙaluman. Sai ga Josh Gibson a saman kowa a tarihin bugu: cikin kowane sau dubu da ya tsaya bugu ya samu nasara sau 372, ya wuce Ty Cobb mai 367 wanda ya riƙe kambun kusan shekara ɗari. Gibson ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Robinson ya shiga fili a Brooklyn.

Wasu sun yi ƙorafi cewa kakar baƙaƙen gajeriya ce, wasanninsu da aka ƙirga ba su kai na farare yawa ba, don haka gwadawar ba daidai ba ce. Ƙorafin yana da tushe ta fuskar lissafi. Amma ni tambayata ita ce, wa ya gajarta musu kakar? Wa ya hana su fili? Ba za ka kulle mutum a waje ba, sannan ka ce ba a gan shi a ɗaki ba.

Shi kuwa Buck O'Neil, a 2006 an kafa kwamiti na musamman ya zaɓi mutum 17 daga zamanin wariya don shiga Cooperstown, aka tsallake shi. Jama'a suka fusata. Shi ya tashi ya je bikin, ya yi jawabi a madadin waɗanda aka zaɓa, waɗanda dukkansu sun riga sun rasu. A Oktoban shekarar shi ma ya rasu yana da shekara 94. Masoyansa ba su bar maganar ta kwanta ba, kuma a Disambar 2021, lokacin da masu ƙungiyoyi suka kulle 'yan wasa a waje saboda rikicin albashi, wani kwamitin ya zauna ya zaɓe shi. An shigar da sunansa zauren a 2022.

A nan zan dakata. Wanda yake da tambaya, bismillah.