Tikitin jirgi, cinikin biri a sama

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Ina da wata gwaggo a nan cikin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, mai sayar da atamfa da leshi a cikin gida. Shekara biyu tana zubin adashi don ta samu goman ƙarshe na azumi a Makka. Da kwasarta ta zo, ta ƙulle kuɗin a baƙar leda ta kai wa wani ejan da maƙwabciyarta ta yaba, wata biyar kafin tafiya, don an ce mata mai saye da wuri shi ke samun rangwame. Ya miƙo mata takarda guda mai hoton jirgi a sama. Ta ɗinka abaya uku, ta je har Daura ta yi sallama da dangi, kowa ya ba ta saƙon addu'a. Saura kwana tara a tashi, kamfanin jirgin ya dakatar da aiki. Ejan ya rantse ya riga ya tura kuɗi, wayar kamfani kuwa tana ta ƙara ba mai ɗagawa. A tsakar gidanta ta yi daren ashirin da bakwai, akwatin yana jingine a bayan ƙofa.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba, kuma yawancinmu ba mu kawo shi a rai, shi ne ranar da ka biya kuɗin tikiti ba ka riƙe komai a hannu ba tukuna. Bashi ka ba kamfani, ba jingina, ba mai tsaya masa, a kan alkawarin zai ɗauke ka wata rana nan gaba. Kuɗin naka kuma ba ajiye su za a yi su jira ka ba, da su za a sayi man jirgin da zai tashi gobe da safe. Muddin sababbin masu saye suna zuwa, harka tana tafiya. Ranar da suka ja baya, ko masu bin bashi suka taso a lokaci guda, ranar asiri ke tonuwa.

Me ke kai su ƙasa? Kamfanin jirgi a ƙasar nan da naira yake ciniki, da dala yake kashewa. Hayar jirgi dala, inshora dala, kayan gyara dala, babban gyaran da ake kai jirgi ƙasar waje a kwance shi a duba, shi ma dala. A watan Mayun 2022 ƙungiyar masu kamfanonin jirage ta yi barazanar ajiye aiki baki ɗaya, tana kukan litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Sai ga 2023, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin watanni. Wanda ya karɓi kuɗin tikitinka a farkon shekara, ya zo biyan haya a tsakiyarta, ka ga ai lissafi ya riga ya ɓaci.

Tsofaffin alhazanmu ba sa buƙatar a karanta musu tarihi. Sun hau Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958 aka rufe a 2003. Sun hau jambon Kabo. 'Yan kasuwa sun san Okada, sun san Chanchangi na Kaduna. Bellview da Sosoliso da ADC kuwa haɗari ne ya fara karya musu baya, kuma a jirgin ADC ne Allah Ya karɓi ran Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a 2006. Air Nigeria ya rufe a 2012. Arik, da ya taɓa zama gagarabadau a sararin samaniyar ƙasar nan, hukumar AMCON mai karɓar basussukan da suka gagara ce ta karɓe ragamarsa a 2017. Duk waɗannan akwai lokacin da in ka ce za su faɗi, dariya za a yi maka.

In kamfani ya durƙushe, layi ake ja. Masu jirgin haya su zo su ɗauke kayansu, banki ya riƙe abin da aka jingina masa, hukumomi su kawo lissafinsu, ma'aikata su zo da kukan albashi. Mai tikiti yana can ƙarshen layi da takardarsa. Don ku auna tsawon layin, ma'aikatan Nigeria Airways da kansu sai a 2018, zamanin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, aka fara biyan su wani kaso na ragowar haƙƙinsu, bayan shekara goma sha biyar, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. To ina ga fasinja?

Ba mu kaɗai abin ke samu ba. A Satumbar 2019 kamfanin Thomas Cook na Ingila, mai shekara 178 a duniya, ya kwanta dama cikin dare ɗaya, matafiya 'yan Birtaniya wajen dubu 150 suka maƙale a ƙasashen waje. Bambancin shi ne can akwai asusun da ake cire wani ɗan abu daga kuɗin tafiya a tara don irin wannan rana, gwamnati kuma ta yi hayar jirage ta kwaso mutanenta. Mu a nan, mai irin wannan gata shi ne maniyyacin da ya biya ta Hukumar Jin Daɗin Alhazai, domin NAHCON, hukumar alhazai ta ƙasa, ce ta ƙulla yarjejeniya da kamfani, in ya gaza ita ce za ta nemo wani jirgin ya sauka a filin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Mai zuwa Umara, da ɗan kasuwar Dubai, da ɗalibin Alƙahira, da mai kai mara lafiya Indiya, kowa tasa ta fisshe shi. Kuma ba sai kamfani ya mutu ba: Emirates da ƙarfinsa ya daina zuwa Najeriya a 2022 saboda kuɗinsa sun maƙale a ƙasar, bai dawo ba sai 2024.

Na san wani zai ce, to a koma mota mana. Wanda ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan ba zai ga laifin mai neman jirgi zuwa Abuja ba. Don haka maganar ita ce yadda za ka ba da bashin nan da idonka a buɗe.

Ni a ganina, tsawon lokacin da kuɗinka za su kwana a hannun kamfani shi ne girman kasadarka. Sayen wuri yana da sauƙi, gaskiya ne, amma araha ba ta ado. Kamfanin da ka ji yana yawan soke tashi, jiragensa biyar sun koma biyu, ma'aikatansa suna gunagunin albashi, sai kwatsam ya fito da rangwamen da hankali bai ɗauka, wannan ba kyauta yake yi ba, kuɗin gaggawa yake nema.

Sai yadda ka biya. Kuɗi a leda ba su da baki. Wanda ya biya da katin banki yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa: ya je bankinsa ya shigar da ƙorafin an karɓi kuɗi ba a yi aiki ba, a nemi dawo da su ta hannun kamfanin katin, amma akwai wa'adi, ba a jan ƙafa. In ta ejan za ka bi, ka tura kuɗi asusun kamfaninsa mai rajista, kada ka tura asusun ƙaninsa, kuma na Umara ka tambayi lasisinsa na NAHCON. Wannan takarda mai hoton jirgi kuma kada ta ruɗe ka. Akwai lambar kujera mai harafi shida, akwai lambar tikiti mai alƙaluma goma sha uku. Ka ba yaronka waya ya shiga shafin kamfanin jirgin ya duba sunanka. Sau da yawa kujera aka kama kawai ba a biya ba, bayan kwana biyu ta faɗi.

Masu sayen inshorar tafiya su sa a karanta musu, domin da yawanta asibiti da ɓatan kaya take ɗauka, rushewar kamfani ba ta ciki sai an rubuta ƙarara. Wanda zai fita waje kuma ya bar wani abu a gefe da zai iya sayen tikitin dawowa, kada tsaraba ta cinye.

In an soke tafiya, dokar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ta ce a mayar maka da kuɗinka, nan take in tsaba ka biya a tafiyar cikin gida, cikin kwana 14 in ta banki ne, kuma tana da jami'an karɓar koken fasinjoji a filayen jirage. Za a lallashe ka da takardar wata tafiya nan gaba. Daga kamfanin da ke tangal-tangal, wannan sabon bashi ne a kan tsoho. Ka ce kuɗinka kake so, a rubuce, ka riƙe kwafi.

Gwaggo dai ta samu kashi ɗaya cikin uku, bayan mai unguwa ya zaunar da ejan sau huɗu. Ta sake shiga adashi. Wannan karon ta ce sai ta ga sunanta a wayar jikanta kafin ta je Daura sallama.